Daga Sakatariya zuwa Chappal Waddi: Shirin da ke gaban ma'aikaci kafin ya kwana a tanti

Duk safiyar Asabar, tun gari bai gama wayewa ba, akan ga jerin motoci a gindin duwatsun da suka yi wa Abuja ƙawanya, daga Katampe da Mpape zuwa Dawaki da Ushafa da kewayen madatsar ruwa ta Usuma. Masu fitowa daga motocin, da gorar ruwa a hannu da kambas a ƙafa, da yawansu mutanen ofis ne da suka shafe kwana biyar a kan kujera. Su hau, su ɗauki hoto, su sauko kafin rana ta take, wasu ma su wuce ɗaurin aure. Amma da zarar damina ta ja baya, wajen ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, sai hirar da ake yi a kan duwatsun ta sauya. Masu shirya tafiye-tafiye sukan fara yaɗa sanarwa cewa ana haɗa ayari zuwa Jihar Taraba, za a kwana a tanti, za a hau Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsayi a Najeriya.

Tsayinsa mita 2,419 ne daga doron teku. Yana kan iyakar Najeriya da Kamaru, a kusurwar kudu ta Gandun Dajin Ƙasa na Gashaka-Gumti. Ana kuma kiransa Gangirwal, kuma laƙabin da ya fi yawo a bakin masu talla shi ne Dutsen Mutuwa, abin da ke ƙara wa wasu kwaɗayi, ya sa iyalan wasu su ɗaure fuska. Ma'aikatan Abuja da dama sun san wannan yanki ne ta cikin fayil kawai, domin can ne tsaunin Mambila, inda aka shafe shekaru gommai ana maganar gina tashar wutar lantarki mai ƙarfin megawat 3,050. Akwai wanda ya rubuta sunan Mambila a takardun taro ba adadi, amma bai taɓa ganin hazonta da idonsa ba.

Ranar da mutum ya tura kafin alƙalami, aka saka lambarsa a zauren WhatsApp na matafiya, ranar ce zumuɗi ke farawa. Sai a yi ta kallon hotunan waɗanda suka je bara, ana ƙirga makonni. A tsakanin wannan rana da ranar tashi ne ake yanke yawancin abin da zai faru a kan dutsen. Kuma shirin da ya fi wahala ga ma'aikacin gwamnati ba a kasuwar Wuse ake sayo shi ba. Zai miƙa ragamar kansa na kusan mako guda ga mutanen da bai sani ba, saboda haka wajibi ne ya tantance su tun yana gida, ya kuma gaya musu gaskiya game da kansa.

Ƙasar da za a shiga

An kafa Gandun Dajin Gashaka-Gumti a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola. Shi ne mafi girma a cikin gandun dajin ƙasa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, wato bai gaza dukan Yankin Babban Birnin Tarayya da wani abu mai yawa ba. Ɓangaren Gumti da ke arewa yana cikin Jihar Adamawa, ƙasa ce mai sarari da ciyayi. Ɓangaren Gashaka da ke kudu shi ne mai tsaunuka da kwazazzabai da kurmi, inda rafuka masu yawa ke ɓuɓɓugowa su gangara Kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Hedikwatar gandun tana garin Serti.

Tarihin wurin ma abin sani ne ga wanda zai taka shi. Yankin yana cikin ƙasar da Jamus ta mallaka kafin Yaƙin Duniya na Farko, kuma har yau akwai kufan ganuwar sojan Jamus a kan tudun da ke kusa da ƙauyen Gashaka. Daga baya ya koma ƙarƙashin riƙon Ingila, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanen Arewacin Kamaru ta Ingila suka zaɓi shiga Najeriya. Daga nan aka samu sunan Lardin Sardauna, sunan da ƙaramar hukumar da ke da hedikwata a Gembu take ɗauke da shi har yanzu. Fulatanci ne harshen da ya game yankin, ko da yake Hausa tana tafiya a kasuwa da tasha. Wanda ya lura da sunayen wurare zai ga haka: mayo a Fulatanci kogi ne, shi ya sa ake da Mayo Selbe da Mayo Kam, chappal kuwa tsauni ne mai faɗin kai, irin wanda makiyaya ke hawa da shanu.

A kurmin gandun akwai birin cimfanzi na jinsin da ba a samu sai a Najeriya da Kamaru, wanda masana daga Landan suka kafa cibiyar nazarinsa a Gashaka a shekarar 2000. Akwai ɓauna da damisa da dorina da tsuntsaye iri-iri. Sai dai mai zuwa hawan dutse ya rage buri a wannan fanni. Namun daji ba sa jiran ayarin mutum goma sha biyar masu hira da dariya, kuma hanyar da aka fi bi zuwa ƙololuwar tana ratsa tuddan ciyawa da rugagen Fulani ne. Wanda abin da yake so shi ne ya ga dabbobi daga cikin mota, ya yi wanka a ruwan ɗumi, ya kwana a kan katifa, to Yankari da ke Jihar Bauchi ce ta dace da shi, kuma babu abin kunya a cikin wannan zaɓi.

Isa gindin dutsen kansa aiki ne. Daga Abuja sai an kai Jalingo, ko dai a jirgi idan akwai mai tashi a ranar, ko a mota wuni cur. Daga Jalingo a bi ta Bali zuwa Serti, a wuce Mayo Selbe, inda titi ke fara murɗe-murɗe yana hawa tsaunin Mambila, har a isa Nguroje ko Gembu. Ayarin da suka zaɓi gajeriyar hanya sukan bar mota a nan, su hau acaɓa zuwa ƙauyen Njawai, daga can kuma sai ƙafa. Akwai doguwar hanya daga ɓangaren Gashaka mai cin kwanaki da yawa a cikin daji. Ya kamata matafiyi ya san wacce aka tsara masa, domin tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Ya kuma tambayi halin da titi yake ciki a makon tafiyar, ba a bara ba. Karyewar gadar Namnai da ke kan hanyar Wukari zuwa Jalingo a daminar 2024 ta nuna yadda gada ɗaya ke iya rushe jadawalin da aka tsara a takarda.

Wa za a bi?

Ma'aikacin da ya saba bin diddigin takardun kwangila kafin ya sa hannu, abin mamaki ne yadda yakan tura kuɗi ga mai shirya tafiya don kawai hotunansa a Instagram sun yi kyau. Hoto ba ya nuna wanda aka bari a baya. Tambayoyin da suka kamata ba masu wuya ba ne. Sau nawa shi kansa ya hau wannan dutse, kuma a wane wata? Kamfaninsa yana da rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni? Ya nemi izinin hukumar gandun, an kuma ware jami'an da za su yi rakiya? Mutum nawa ne a ayarin, jagora nawa? Idan wani ya gurɗe a tsakiyar hanya, wa zai koma da shi, wa zai ci gaba da saura? Mai shiri na gari yana jin daɗin irin waɗannan tambayoyi, domin ya riga ya yi tunaninsu. Wanda ya amsa da cewa kada a damu, komai yana hannu, shi ne abin damuwar.

Mutanen Abuja suna da wata dama da wasu ba su da ita. Hedikwatar Hukumar Kula da Gandun Dajin Ƙasa, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, tana kan titin filin jirgin sama. Mutum na iya tsayawa a can ya tambayi ƙa'idojin shiga, da kuɗin da hukuma ke karɓa, da kuma halin tsaro. Tun 2017 hukumar take aiki tare da gidauniyar Africa Nature Investors wajen kula da Gashaka-Gumti, musamman horar da jami'an sintiri da samar musu kayan aiki. Amma wannan bai ɗauke wa matafiyi nauyin tambaya ba. Yankin ya ga rikici mai muni a tsaunin Mambila a 2017, ya kuma karɓi 'yan gudun hijira daga rikicin yankin masu magana da Ingilishi na Kamaru, sannan masu farauta da haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba sukan kutsa cikin gandun. Labarin tsaro yana sauyawa daga wata zuwa wata. Jami'an da ke Serti da sarakunan ƙauyukan da za a ratsa su ne suka fi kowa sanin inda aka kwana, kuma ayarin da bai tuntuɓe su ba ya tafi a makance.

Batun kuɗi ma a buɗe shi. Jimillar da aka rubuta a sanarwa sau da yawa ba ta haɗa komai ba. A nemi a rarraba ta: nawa ne na mota, nawa ne na shiga gandu, nawa ne na 'yan acaɓa, nawa ne na 'yan dako, abinci sau nawa a rana, tantin na mutum nawa ne. A kuma san ƙa'idar mayar da kuɗi idan an fasa, domin a aikin gwamnati fasawa ba baƙon abu ba ce. Game da 'yan dako kuwa, ya dace a tsaya a kai. Matasan ƙauye ne da za su ɗauki tantuna da tukwane da buhun shinkafa su hau da su inda mai jaka ƙarama ke haki. Idan mai shiri ya rage farashi ta hanyar matse ladansu, ko ba a tanadar musu abinci da abin rufa ba, to arhar da matafiyi ya samu daga wuyansu ta fito. Tambaya ɗaya a gaban jama'a kan sa a gyara.

Takardar hutu

Lokacin da ya dace da wannan tafiya shi ne rani, daga Nuwamba zuwa wajen Maris. Da damina hanyoyin kan zama taɓo, rafukan da ake tsallakewa da ƙafa su cika su batse. Matsalar ita ce wannan zango ya yi karo da lokacin da ofis ya fi zafi: kare kasafin kuɗi a gaban majalisa, rufe asusun shekara, rahotannin ƙarshen shekara. Sannan a 'yan shekarun nan azumin Ramadan yana faɗowa a cikinsa, abin da ke ƙara rage makonnin da suka rage.

Ma'aikacin da ke mataki na 7 zuwa sama yana da hutun kwana 30 a shekara, amma kowa ya san samun amincewa a ranar da ake so wani abu ne daban. Hikima ita ce a shigar da takarda da wuri, a samu sa hannu a rubuce, a ƙara kwana biyu a kan abin da mai shiri ya faɗa. Mota kan lalace, jirgi kan ɗage tashi saboda hazon hunturu, gwiwa kan ƙi lanƙwasuwa washegarin dawowa. A rubuta takardar miƙa aiki yadda ya kamata, kamar wanda ba za a same shi a waya ba, domin haka ɗin ne zai faru. Ga hadimin minista ko na ɗan majalisa, wanda wayarsa ba ta taɓa mutuwa, wannan shi ne mafi nauyin sashe. Gara ya gaya wa maigidansa ƙarara cewa akwai kwanakin da babu sabis ko kaɗan, da ya yi shiru a neme shi a rasa, a fassara shirun da wani abu.

Gaskiyar jiki

Chappal Waddi ba ya bukatar igiya ko ƙwarewar hawan bango. Tafiyar ƙafa ce, amma doguwa, hawa da gangara, kwana bayan kwana. Tsayinsa kuma yana dab da ƙasa da mita 2,500, inda likitoci suka ce ciwon tsauni ya fi fara kama mutane, saboda haka ƙarancin iska ba shi ne babban haɗari ba, duk da cewa numfashi zai fi na gida gajarta. Abin da ke kayar da mutane shi ne gajiya, da gwiwa, da ƙafar da ta yi bororo, da ciwon da aka ɓoye.

Akwai wani tsohon lissafi da wani mahayin tsaunuka ɗan Sikotilan mai suna William Naismith ya fitar a 1892, wanda har yau ake amfani da shi: a ba kowane kilomita 5 awa ɗaya, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Lissafin na mai ƙarfi ne da ba ya tsayawa hutu. Mita 600 kuwa, idan aka auna da bene, ya kai hawa kusan 200. Wanda ke haki idan ya hau bene na biyar a Sakatariya yana da aiki a gabansa. Makonni shida zuwa takwas sun isa a ga canji idan an dage: a bar lif a bi matakala, a yi doguwar tafiya sau uku a mako, ranar Asabar a hau dutse da jaka mai nauyi a baya, sannan ko sau ɗaya a maimaita ranar Lahadi, domin a ji yadda jiki ke amsawa idan aka tashe shi bai gama hutawa ba. A kan dutsen gaske, rana ta biyu ce ke tona asiri. Gangara ma a koye ta, domin ta fi hawa cin gwiwa.

Hawan jini da ciwon sukari sun yi yawa a tsakanin ma'aikatan da suka haura shekara 40, kuma da yawa ba sa son a sani. Masu irin wannan lalura suna iya yin tafiyar idan likita ya duba ya amince, amma ɓoye wa jagora zalunci ne ga ayarin baki ɗaya. Idan mutum ya yanke jiki ya faɗi a wurin da babu titi, mutane ne za su ɗauke shi a kafaɗa zuwa inda babur zai iya zuwa, daga nan zuwa asibitin Gembu ko Serti, sannan Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo tana can tafiyar sa'o'i masu yawa. Katin inshorar lafiya ba ya gajarta wannan tazara. A ga likita wata guda kafin tashi, a tattauna rigakafin zazzaɓin cizon sauro da allurar shawara, a ɗauki magungunan da aka saba sha da rarar kwanaki, a raba su gida biyu, kashi ɗaya a aljihu. Sunan maganin da yadda ake shansa a rubuta a takarda a ba jagora. Mai ɗaki, in ji Hausawa, shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ke shiga jaka

Kuskuren da ɗan Abuja ya fi yi shi ne raina sanyi. A ƙa'ida, zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5 a duk mita 1,000 da aka hau. Tsakanin Abuja da ƙololuwar akwai bambancin kusan mita 1,900, wato digiri 12 ko kusa da haka. Idan asubahin hunturu a Gwarinpa ya nuna 17, a can ana iya tashi da 5, ga iska, ga raɓa da ke jiƙa tanti kamar an yi yayyafi. Riga ɗaya mai kauri ba ta kai riguna uku marasa kauri amfani ba, domin ana cirewa ana mayarwa yadda rana take. Kayan auduga suna shan gumi su ƙi bushewa, su koma sanyi a jiki da yamma. Hular sanyi, safar hannu, rigar ruwa, bargo mai zif irin wanda ake shiga ciki, da shimfiɗar soso da za ta raba baya da ƙasa, waɗannan sun fi kyamara muhimmanci.

Takalmi kuwa, sabo fil ba ya zuwa dutse. A saya da wuri, ko a gwanjo ne, a taka shi makonni har ya saba da ƙafa. Ya zama mai rufe idon sawu, domin santsi da kuma maciji. Kububuwa da kasa suna nan a ƙasar ciyawa, musamman a ƙasa-ƙasa inda ake da zafi. Cizon maciji ba kasafai yake samun ayari ba, amma dokarsa a san ta: ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau, a hana ƙafar motsi a garzaya asibiti. Tocila mai ɗaurawa a goshi, da girgiza takalmi kafin a saka da safe, sun fi kowane laƙani.

Jakar goyo kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita, kuma wanda ya ɗauki ƙasa da haka zai gode wa kansa. Guzuri na gida ya fi na kanti: kilishi, dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da sukari, duk ba su da nauyi kuma ba sa lalacewa. Ruwan rafi ko ya yi garau kamar madubi, shanu suna sha a samansa, saboda haka a tafasa ko a sa maganin tace ruwa. A wannan tsayi ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 92, abin da ya sa ake son a bar shi a wuta minti uku, shi ya sa kuma wake ke daɗewa bai nuna ba, mai girki ba shi da laifi. Ƙunshin gishiri da sukari na maganin gudawa, filasta, man shafawa na korar ƙwari saboda ƙudan tsando da ke bakin rafuka, katin shaidar ɗan ƙasa tunda kan iyaka ne, da tsabar kuɗi ƙananan takardu. Inda za a je babu mai POS.

Ga Musulmi, shari'a ta riga ta sauƙaƙa: akwai ƙasaru, akwai haɗa salloli, akwai taimama idan ruwa ya yi wuya, Juma'a kuma ba ta wajaba a kan matafiyi. Alƙibla daga can tana arewa maso gabas. Abin da ya rage shi ne a yi maganar lokutan sallah da jagora tun a Abuja, domin a daidaita su da lokutan hutu, kada ya zama an tsayar da ayari a kan gangara ana jayayya. Haka Kiristocin da za su so ɗan lokaci ranar Lahadi. Mata kuma su tambayi mace nawa ce a tafiyar, yadda za a raba tantuna, da yadda aka tsara wurin kewayawa. Ayarin da ya amsa waɗannan ba tare da ƙyashi ba, alama ce ya taɓa tafiya da mata.

Darakta a bayan jami'in sintiri

Akwai wani abu da ba a rubuta shi a jerin kayan tafiya, alhali shi ya fi ɓata ayarin ma'aikata. A ofis kowa ya san matsayinsa. An san wanda ke fara magana a taro, da wanda ake riƙe wa jaka, da wanda ba a yi masa musu. Idan mutanen ma'aikata ɗaya suka haɗu a tafiya, wannan tsari yakan biyo su har cikin daji, kuma a can illa yake yi.

Jami'in gandun da zai shige gaba shi ma ma'aikacin tarayya ne, mai yiwuwa matakin albashinsa bai kai rabin na daraktan da ke bayansa ba. Amma shi ya san rafin da ake tsallakewa da wanda ake kewayewa, shi ya san gajimaren da ke kawo hazo ya rufe hanya cikin 'yan mintuna, shi ne jauron ƙauye ya sani. Idan ya ce a tsaya, tsayawa ake yi. Ayarin da aka tsara da kyau yana da lokacin juyawa: sa'ar da idan ta cika ba a kai ƙololuwa ba, to kowa zai juyo, domin a isa zango kafin duhu. A yanke wannan sa'a tun a ƙasa, kowa ya ji da kunnensa. A kan dutse, bayan an kashe kuɗi da hutu, ga ƙololuwa ana hange, babu wanda ke son jin a koma, kuma babban mutum ya fi kowa iya matsa wa ƙaramin jami'i lamba har ya saɓa wa saninsa.

Hadimin da ya biyo maigidansa yana cikin wani hali na daban. Al'ada za ta sa ya karɓi jakar oga ya haɗa da tasa, ya ba shi ruwansa, ya ɓoye gajiyarsa. Mutum biyu ke nan aka jefa cikin haɗari: ɗaya ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa, ɗaya kuma ba a san ainihin halinsa ba domin ana rufa masa asiri. Idan maigida yana bukatar mai ɗaukar kaya, a ɗauki ɗan dako a biya shi. Kuma ana tafiya ne da saurin wanda ya fi kowa nawa, ko wane ne shi. Akan sa jagora ɗaya a gaba, ɗaya a ƙarshe, ba mai wuce na gaba, ba mai zama bayan na baya. Matasan da suka fi ƙarfi sukan ji wannan ya takura su a ranar farko.

Ladabin ƙauye ma shiri ne. Ƙasar tana da masu ita, Fulani da Mambila da Kaka da sauransu. Ana fara gaida jauro kafin a kafa tanti kusa da garinsa. Ba a ɗaukar hoton mata ko shanu sai da izini, ba a ratsa garke, ba a wanka da sabulu a inda ake ɗibar ruwan sha. Idan an kawo ƙwaryar nono, a karɓa da hannu biyu, a kuma san cewa an yi wa baƙo karamci da abin da ake sayarwa. A cikin gandu doka ta hana farauta da cinna wuta a daji da cire tsirrai, kuma da rani guntun sigari ɗaya ya isa ya cinye tudu guda. Leda da gwangwani da aka shiga da su, da su ake fitowa.

Daren ƙarshe

Makon ƙarshe yakan zo da shakku. Uwargida ko maigida a gida ya sake tambayar dalilin da zai sa mutum ya bar gadonsa ya je ya kwana a ƙasa. Wani a ayarin ya janye. Wani ya turo labarin tsaro da ba a san asalinsa ba, zaure ya rikice. A nan ne amfanin tambayoyin da aka yi tun farko ke fitowa, domin wanda ya san da wa zai yi magana a Serti zai iya ɗaga waya ya ji gaskiya, ya yanke shawara a kan hujja. Idan jami'an gandun suka ce a dakata, a dakata, ko da kafin alƙalami zai salwanta.

Idan kuwa hanya ta yi kyau, a gwada kafa tantin sau ɗaya a tsakar gida, a kwana a ciki in da hali, domin kada a koyi ɗaura sandunansa a cikin duhu da iska. A yanke farcen ƙafa. A caja waya da fawa-bank, a naɗe kayan sanyi a leda kafin a cusa su a jaka. Sannan a ɗauki farar takarda a rubuta sunan mai shirya tafiyar da lambarsa, da lambar ofishin gandun, da sunayen garuruwan da za a kwana bi da bi, da ranar da ake sa ran sabis zai dawo, da ranar da idan ta wuce ba a ji komai ba za a fara kiran waɗannan lambobi. Kwafi ɗaya a bar wa iyali, ɗaya a ba abokin aikin da aka miƙa wa tebur. Motar ayari takan tashi ne bayan sallar asuba, domin a shiga Jalingo da sauran haske.